Ɓerayen da Kamen Ya Bari

Gorna Lipa, 8 ga Satumba

Baffa Parvan,

Ina gaishe ka, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na ga kana jan ta ranar jana'izar Baba, lokacin da ka tsaya a bakin maƙabarta ba ka shigo ba. Na gan ka, ban gaya wa kowa ba.

Sau biyu na ƙwanƙwasa maka yau ba ka buɗe ba, shi ya sa nake turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa. Motar ƙarfe biyu zan bi. 'Ya'yan tsohuwar da nake jinya a Italiya kwana biyar suka ba ni, na riga na ƙara ɗaya. Ba zan samu dawowa ranar arba'in ba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ɓerayen hamadan nan biyu da na saya wa Baba a kasuwar Montana, babban garin yankinmu, bayan rasuwar Mama, don ya samu abokan hira. Suna cikin akwatin gilashi a ɗakinsa. Wa da ƙani ne, ciki ɗaya. Abincinsu yana gwangwani: gero, sha'ir da alkama, cokali ɗaya kowane a rana, da ɗan yankan karas bayan kwana biyu. Ruwa kaɗan suke sha, kada ka ga kwalbar ba ta raguwa ka ɗauka ciwo ne. Ka jefa musu kwali su gaigaya. 'Ya'yan kabewa ne ransu, amma mai ƙibar yana ƙwace wa siririn, kada ka bar shi ya cinye duka. Kuma kada ka kama su ta wutsiya.

Na biyun ka san shi. Ranar sha biyu ga Oktoba Baba zai cika arba'in. Kafin ranar a riƙa ajiye masa ruwa da burodi a taga, ranar kuma wani na jininsa ya kai dafaffiyar alkama kabari, ya zuba masa ruwan inabi. Goggo Vetka maƙwabciyarmu za ta dafa, fadan coci zai zo, amma su ba jininsa ba ne. A ƙauyen nan kai kaɗai ka rage masa. Na san shekara talatin da biyu ba ku yi magana ba. Ban ce ka yi masa magana ba. Kwano kawai za ka ɗauka.

Makullin gidan yana cikin ambulan. Ka ƙi waya, Goggo Vetka kuma kunnenta ya yi nauyi, don haka sai dai takarda. Adireshina yana baya.

'Yar ƙaninka,
Rumyana

Gorna Lipa, 12 ga Satumba

'Yar Kamen,

Takardarki ta same ni. Lafiyata ƙalau, ƙafa kuma tawa ce, ba ta hana ni komai. Ba jana'iza na je ba, akuyata ce ta ɓalle ta yi can. Ki yi haƙuri da rubutun, aji biyu na yi, sauran a soja na koya, da fensirin kafinta nake yi.

Zan fara da na biyun don mu gama. Ba zan kai ba. Kina 'yar shekara shida lokacin, ba ki san komai ba. Na tafi saran katako ƙasar Komi, can Rasha, shekara huɗu, yatsu biyu na baro a can cikin ƙanƙara. Na dawo da akwati a kafaɗa na tarar ubanki ya ja bango a tsakiyar gidan ubanmu, tun daga ɗakin girki har bakin titi. Rijiya a ɓangarensa. Kurangar inabin da tsohonmu ya dasa a ɓangarensa. Ni aka bar mini masai da bishiyar da ba ta 'ya'ya. Matata Stoyanka ta yi shekara ashirin tana ɗauko ruwa daga famfon bakin coci, ga rijiya taku tara daga murhunta, har bayanta ya lanƙwashe, a haka aka sa ta cikin akwatin gawa ba ta miƙe ba. Za ki ce ya aiko da makullin ƙofar lambu. Ya aiko. Na wurga masa ta kan bango. Ni za a ba aron rijiyar ubana? Ya sha ruwa ya ƙoshi da ransa, ba sai na kai masa taga ba.

Ɓeraye kuwa ba su yi mini laifi ba. Na shiga ɓangaren ubanki ranar Juma'a. Ban kalli komai ba, madubi yana rufe da zanen makoki yadda kuka bar shi. Mutum ya tsufa ya rasa abin kiwo sai ɓera, mu da muke kashe su a rumbu. Amma na yarda ba irin namu ba ne. Wutsiyarsu da gashi, cikinsu fari, suna tsayawa da ƙafa biyu kamar masu jiran mota, kuma ba sa wari.

Na zuba 'ya'yan kabewa shida na tsaya. Gaskiyarki. Mai ƙibar ya kwashe biyar, ɗaya bayan ɗaya, ya binne a kusurwa, ya dawo ya karɓe ta shidan daga bakin ɗan'uwansa. Sannan ya danne shi ƙasa yana sa masa haƙori a wuya. Siririn ya kwanta shiru, ido a rufe. Na san irin wannan kwanciyar. Na sa wa mai ƙibar suna Mai Rijiya.

Kin ce kada in bar shi ya cinye duka, to na yi maganin abin. Akwatin ya fi ƙarfina, sai na sa Siriri a hulata na kawo shi ɓangarena. Yana cikin tsohon bahon wankin Stoyanka, na rufe da rariya. Yanzu kowa da kwanonsa. Mai Rijiya na tara masa abinci, zan riƙa leƙa shi bayan kwana uku.

Vetka ta gan ni na fito da hula a hannu, ta ƙwala mini kira irin na kurame: "Parvan, gado ka shiga ɗiba?" Na ɗaga murya na ce, "Ɓera ɗaya, rabona ke nan." Ta ce, "Riƙe shi da kyau, shi kaɗai zai zo jana'izarka."

Parvan

Gorna Lipa, 26 ga Satumba

Rumyana,

Talata biyu mai kawo wasiƙu ta wuce ba ta miƙo mini komai ba. In fushi kika yi saboda alkama, ruwanki. Ina lafiya. Ba na cin abinci sosai, amma wake ne ya gundure ni.

Akwai abin da zan gaya miki, kada ya kai kunnen fada.

Siriri ya daina ci. Kwana ukun farko yana ta tono, yana zagaya baho, yana miƙewa yana shinshina iska. Na cika masa kwano da 'ya'yan kabewa, shi kaɗai, ba mai ƙwace masa. Ya ɗauki ɗaya ya riƙe, ya ajiye, ya shige ƙarƙashin ciyawa. Mai Rijiya ma da na leƙa, abincin da na tara yana nan, ya rame, gashinsa ya yi buzu-buzu.

Sai kuma bugu. Ranar Laraba wajen ƙarfe ɗaya ina yanka albasa, rana fes a waje, na ji a jikin bango: biyu, biyu, biyu. Daga ɓangaren Kamen. Gidan a kulle, makulli a aljihuna. Ke ba ki sani ba. Muna yara, in tsohonmu ya kulle ni a rumbun masara don na yi laifi, haka Kamen yake zuwa ya buga jikin katako, biyu-biyu, ya turo mini burodi da cuku ta ƙasa. Duk wanda ya san wannan bugun ya mutu. Na ajiye wuƙar. Sai na ji an amsa daga cikin ɗakina, a bayana. Na juya, ba kowa, sai baho.

Tun ranar kullum ne. Na tambayi Vetka ko tana jin wani abu. Ta ce, "Ni? Ko ƙararrawar coci sai na ga tana lilo nake sanin an buga." Sannan ta dube ni da kyau ta ce, "Bai cika arba'in ba, Parvan. Yana zagaya inda ya saba. Ka ajiye masa ruwa." Na ce ya je rijiyarsa.

Amma na yi tunani, wataƙila ɓeransa yake nema, ni kuwa ban taɓa riƙe kayan wani ba. Shekaranjiya na mayar da Siriri cikin gilashin. Na ɗauka murna za su yi. Rumyana, kallon juna suka yi kamar ba ciki ɗaya ya haife su ba. Suka shinshina juna, suka kumbura, kafin in ƙifta ido sun zama dunƙule ɗaya suna birgima, jini a jikin gilashi. Na sa hannu, aka huda mini babban yatsa har ƙashi. An yage wa Siriri kafaɗa, Mai Rijiya kunne. Na wanke su da ruwan gishiri. Siriri ya koma baho.

Kin ce wa da ƙani ne. Kwana goma sha biyar kawai suka yi a rabe.

Bugun bai daina ba. Ke kika san shi a ƙarshe, ki rubuto ki gaya mini abin da yake so.

Parvan

Foggia, 20 ga Satumba

Baffa,

Takardarka ta ranar sha biyu yau ta iso. Na ji daɗi kana lafiya, a gaishe mini da akuya. Ni ma lafiya, sai dai tsohuwar tawa ta fara kirana da sunan uwarta.

Baffa, ba abin da nake nufi ke nan ba. Cewa na yi ka miƙa wa siririn nasa da hannu, ba ka raba su ba. Abin da mai ƙibar yake binnewa rumbunsu ne su biyu, daga baya tare suke tonowa. Haƙorin da ka ga yana sa masa a wuya kuwa gyaran gashi yake yi masa, shi ya sa ɗayan ya lumshe ido. Waɗannan ba sa zama su kaɗai. In an raba su sai su daina ci.

Amma ina roƙonka, kada ka mayar da shi kai tsaye. Da hanci suke sanin juna, ba da ido ba. In suka kwana biyu-uku a rabe, ƙanshin gida ya gushe, kowa zai ga ɗan'uwansa baƙo ne, kuma faɗan kisa suke yi. Allah Ya sa wannan ta riga ka.

Ga yadda ake yi. Ka raba akwatin biyu da ragar waya mai ƙananan ido, ka ɗaure tam har sama. Kowa a ɓangarensa, suna ganin juna, suna jin ƙanshin juna, ba sa iya cizo. Sau uku a rana ka musanya su, wannan ya koma ɓangaren wancan. Kada ka canza musu shimfiɗa, so ake kowa ya kwana a makwancin ɗan'uwansa har ƙanshin ya gauraya. Mako ɗaya ko biyu. Ranar da ka ga sun yi barci jikin raga gefe da gefe, ka cire ta, ka sa safar hannu mai kauri, ka wuni a wurin.

In ka ji bugu kada ka damu. Da ƙafafun baya suke dukan ƙasa in sun tsorata, ɗayan ya amsa. Baba yana cewa wayarsu ke nan.

Maganar bango, sau ɗaya na tambaye shi. Ya ce, "Kakarki ta ce a ja, ni na ɗauki bulo." Bai ƙara ba. Ban san mai gaskiya ba. Maganar alkama kuma har yanzu ina roƙo.

Rumyana

Gorna Lipa, 3 ga Oktoba

Rumyana,

Takardunmu sun yi saɓani, na miƙa tawa da dama na karɓi taki da hagu. Da kin rubuta haka tun farko da yatsana yana nan lafiya. Ya kumbura amma ya fara sacewa. Kakar taki kuma ta mutu, kowa zai iya ɗora mata bulo.

Na cire ragar tagar akurkin kaji, na ninka ta biyu, na raba akwatin. Safe, rana, yamma, ina musanya su. Kwana biyun farko cizon ragar suke yi, duk wanda na sauke sai ya bi makwancin ɗayan yana goga cikinsa a kan komai. Rana ta huɗu Siriri ya tono 'ya'yan kabewan da Mai Rijiya ya binne, ya zauna ya ci uku. Mai Rijiya yana kallonsa ta raga, sai shi ma ya nufi kwano. Tun daga nan suna ci.

Ƙafar nan ba ta son zirga-zirga sau uku, don haka nakan zauna a can in jira. Kujera ɗaya ce a ɗakin. Ban lura da ita ba sai ranar Juma'a. Mutum yakan sa kujerarsa ta kalli taga ko ta matsa kusa da murhu. Ta ubanki a manne take da bangon, a gicciye. A jikin farar ƙasar akwai tabon maiƙo baƙi, daidai inda kai yake jingina, wurin har ya lotsa. Wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Na sa kaina a wurin. Na ji rediyona da na manta a kunne. Na ji agogona. Na ji akuya tana goga ƙaho a ƙofata. Bulo ɗaya ne kaurin bangon, Rumyana. Ya ji tarina. Ya ji duk zagin da na yi masa ina cin abinci, kuma na yi da yawa.

Ranar da Stoyanka ta rasu, kafin in gaya wa kowa, na buɗe ƙofa na tarar da bokiti biyu cike da ruwa. Da su aka wanke ta. Shekara goma sha biyu ina gode wa Vetka a zuciyata. Jiya na tambaye ta. Ta ce, "Ni da nake jin ƙararrawa da ido, ta ina zan san ta mutu kafin ka faɗa? Tsohon banza." Ta shige ta bar ni a tsaye.

Maganar bugu, na ga suna yi da ƙafa, gaskiyarki. Na ma yi wa kaina dariya. Amma jiya wajen ƙarfe ɗaya ina kan kujerar, su biyun suna gabana, kowa ya dunƙule yana barci. Na ji biyu, biyu, biyu. Daga ɓangarena. Na kulle ƙofata da hannuna kafin in fito.

Ban gudu ba. Na zauna na yi tunani. Ni ina nan a makwancinsa, shi yana can a nawa. Ashe ba su kaɗai ake musanyawa ba.

Na ajiye kofin ruwa da yankan burodi a tagata, tunda can yake wuni. Ban ce zan kai alkama ba.

Parvan

Foggia, 4 ga Oktoba

Baffa,

Na karanta takardarka ta ashirin da shida a tsaye, na sake karantawa a zaune. Laifina ne. Na ɗora wa tsoho mai ciwon ƙafa abin da ya fi ƙarfinsa, ga shi ba ka ci, kana jin bugu a bango. Babu abin da Baba yake so, Baffa, ya riga ya tafi.

Na yi waya da ƙawata Desislava a Montana. Ranar Asabar, sha biyar ga wata, za ta zo da mota ta ɗauki ɓerayen, ko wanda ya rage a cikinsu. Ka ba Goggo Vetka makullin, kada ka ƙara shiga gidan. Ka bi Desislava gari likita ya duba yatsan, ya duba ka gaba ɗaya. Alkamar ma na janye, fada ya yi abin da zai iya. Allah Ya san na nema.

Rumyana

Gorna Lipa, 13 ga Oktoba

'Yata Rumyana,

Ina lafiya, yatsa ya warke, kaina kuma daidai yake. Ki gaya wa ƙawarki kada ta ɓata man motarta. Ba wanda zai taɓa su. Kuma ba ke za ki janye mini alkamar ƙanina ba.

Ranar Lahadi na same su sun yi barci jikin raga, hanci da hanci. Na ce su jira Laraba, a gama komai rana ɗaya.

Jiya da safe na sa rigar da na yi aure da ita na je gidan Vetka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Akuyar ce ta sake ɓallewa?" Na ce, "Ba ni kwanon." Ta ce, "Da hannu biyu, kuma kada ka ci a hanya." Ta zuba sukari da yawa, kin san ubanki da zaƙi.

Kafin mu tafi na shiga lambu na jefa guga. Shekara talatin da biyu. Ruwan yana nan da ɗanɗanon ƙarfensa. Na cika kwalba, na ɗebi ruwan inabi a gangarsa, na kurangar tsohonmu ne, ina da rabo a ciki. Mu huɗu ne a kabarin, da fada da mai kawo wasiƙu, ita ma don kekenta ya yi faci ne. Fada ya yi karatunsa. Na ajiye alkama, na zuba inabi, na zuba ruwan. Kin ce ba sai na yi masa magana ba. Na ce masa rijiyar tana son yasa, ya bar ta ta cika da ganye. Da suka juya baya na buga jikin gicciyen katakon, biyu, biyu.

Na dawo na sa safar hannu na cire ragar. Suka tsaya. Suka shinshina juna tun daga hanci har wutsiya. Sai Mai Rijiya ya danne Siriri ya sa masa haƙori a wuya, daidai kusa da tabon. Hannuna ya tashi da kansa, na riƙe shi da ɗayan. Siriri ya lumshe ido. Kafin azahar sun tara shimfiɗun biyu wuri ɗaya sun hau kan juna, ba ka gane wutsiyar wane. Na zuba 'ya'yan kabewa shida, ɓarawon ya kwashe biyar. Na miƙa wa Siriri biyu da hannu.

Ƙarfe ɗaya ta yi ina kan kujerar, kaina a wurin nan. Na kashe rediyo tun safe don in ji sosai. Na jira har ƙarfe uku. Agogo kawai. Yau ma na jira. Burodin tagata ya bushe, ruwan kofin ya ragu da yatsa biyu, Vetka ta ce rana ce ta sha. Na bar ta da maganarta.

Na kawo bargona wannan ɓangaren, saboda su, sanyi ya fara kuma murhunsa ya fi nawa ja.

Tambaya ɗaya. Kin ce bayan rasuwar uwarki kika saye su, na ƙirga, shekara uku ke nan. Mai wasiƙu ta ce irinsu ba kasafai suke wuce huɗu ba. In ɗaya ya riga ɗaya, me ake yi wa wanda ya rage? Ki rubuta dalla-dalla wannan karon, kin san halina.

Baffanki,
Parvan